Ciwon ciki ba gyambo, likita ya rubuta maganin ciwon damuwa: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na waɗanda suka daɗe da ciwon saman ciki ne, aka bincika ba a ga gyambo ba, sai likita ya rubuta musu ƙwayar da suka ji an ce ta masu ciwon damuwa ce. Sunayen magunguna mun bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali domin a gane su a kyamis. Adadin da muka ambata don fahimta ne, likitan da ya duba ka shi zai yanka maka naka.

An leƙa cikina da kyamara an ce lafiya lau, ga shi ciwon bai tafi ba. Mene ne wannan?

Likitoci na kiransa disfefsiya marar gyambo. A gida kuwa kusan kowa “olsa” yake cewa, kuma wannan suna shi ke sa mutane shekara da shekaru suna shan maganin gyambon da babu shi. Ƙa'idar Rum ta huɗu, wato ma'aunin gano irin wannan ciwo da ƙwararrun likitocin ciki suka fitar a 2016, ta kafa alamomi huɗu: nauyin ciki mai takurawa bayan cin abinci, saurin ƙoshi tun ba a ci rabin kwano ba, ciwo a kahon zuci, da zafi ko ƙuna a wurin. Ko ɗaya daga ciki ta isa, matuƙar tana damun mutum a watanni 3 na ƙarshe, ta kuma faro aƙalla watanni 6 baya, sannan leƙen ciki bai nuna gyambo ko ƙari ko wani lahani ba. Mafi yawan masu irin wannan kuka da aka leƙa cikinsu, fiye da 7 cikin 10, ba a ganin komai.

Ciwon ya kasu biyu, kuma rabon yana da amfani wajen zaɓen magani. Akwai mai nauyin ciki da saurin ƙoshi, wanda abinci ke tayar masa da ciwon. Akwai kuma mai zafi da suka a kahon zuci, ko ya ci ko bai ci ba. Wasu suna haɗa biyun.

Me ya haɗa ciwon ciki da maganin damuwa? Ko likita gani yake ƙarya nake, ko kaina ne ya taɓu?

Ko ɗaya. Ciwon na gaske ne, kuma an auna inda matsalar take. Idan lafiyayyen mutum ya ci abinci, saman tumbinsa yakan saki ya buɗe don ya karɓi abincin ba tare da matsi ba. A kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan ciwo, wannan sakin ba ya faruwa yadda ya kamata. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma jijiyoyin tumbinsu sun cika ji: idan aka hura ɗan balan-balan a cikinsu, suna jin ciwo a matsin da lafiyayye bai ma san ana yi ba. Wasu tumbin ne ke jinkirin sauke abinci zuwa hanji, wasu kuma akwai ɗan kumburi a farkon ƙaramin hanji wanda sai an ɗauki tsoka an duba a madubin likita ake ganinsa, musamman bayan an yi fama da gudawa da amai.

Saƙon ciwo yana tashi daga ciki, ya bi laka, ya isa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ita ma tana aiko da nata saƙon ƙasa, mai rage ƙarfin abin da ke tasowa. A wannan ciwo lamarin ya zama kamar lasifikar da aka ƙure mata murya, ɗan motsi kaɗan sai ya fito da ƙara. Wasu magungunan damuwa suna ƙarfafa wancan saƙo mai saukowa, su rage muryar. Shi ya sa ake ba da amitriptyline, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ga mai zafin ƙafa na ciwon suga da mai ciwon ɓarin kai, ba tare da wani ya ce suna da taɓin hankali ba. Adadin ma ya bambanta: mai ciwon damuwa yakan sha miligiram 75 zuwa 150 a rana, mai ciwon ciki kuwa 10 zuwa 50.

Mene ne serotonin, kuma ina ruwansa da ciki?

Magungunan damuwa da yawa ta kansa suke aiki. Sinadari ne da jiki ke sarrafawa daga tiriftofan, wani sinadarin abinci da ake samu a nama, ƙwai, madara, wake da gyaɗa. An fi saninsa da aikin ƙwaƙwalwa, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji yake. Wasu ƙwayoyin halitta da ke shimfiɗe a bangon hanji ne ke haɗa shi, su sake shi idan abinci ya taɓa bangon ko ya buɗa shi. Da ya gama aiki sai wani furotin mai kwashewa ya janye shi, wanda ya tsere cikin jini kuma ƙwayoyin daskarar da jini su ɗauke shi su adana. Serotonin na hanji ba ya iya tsallakawa ƙwaƙwalwa, ita nata take haɗawa.

Abin da zai yi ya danganta da makarɓin da ya sauka a kai, wato ɗan gurbin da ke karɓarsa a jikin ƙwayar halitta. Makarɓa uku ne suka fi shafar wannan magana. Idan ya taɓa 5-HT1A, saman tumbi yana saki. Idan ya taɓa 5-HT3, zuciya na tashi, saƙon ciwo ya hau ta jijiyar da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, shi ya sa maganin amai ondansetron yake toshe wannan makarɓi. Idan ya taɓa 5-HT4, ciki da hanji suna motsawa su tura abinci gaba. Sinadari ɗaya ke nan, amma yana iya kawo sauƙi a nan ya kawo tashin zuciya a can.

Ke nan serotonin ɗina ne ya yi ƙasa? Akwai gwajin da zan yi in gani?

Wani bincike da aka yi a Hong Kong, aka buga a 2013, ya samu cewa masu wannan ciwo suna da ƙarancin serotonin a ruwan jini, kafin cin abinci da bayansa, idan aka gwada su da lafiyayyu. Wannan matsakaicin rukuni ne, ba ma'aunin da za a ɗora wa mutum ɗaya ba. Awon serotonin a jini yana da wuyar sha'ani: kusan dukkansa yana cikin ƙwayoyin daskarar da jini, da an ɗan jijjiga kwalbar ko an jinkirta sarrafa ta sai su zubar da shi, sakamakon ya hau. Kuma abin da ke yawo a jini ba ya nuna abin da ke faruwa a bakin jijiya cikin bangon tumbi.

Saboda haka ba a gano ciwon da gwajin serotonin, ba a zaɓen magani da shi, ba a kuma bin diddigin sauƙi da shi. Gwajin fitsarin awa 24 da ake yi na ragowar serotonin na neman wani ƙari ne da ba a cika samu ba, mai kawo gudawa da jan fuska. Wanda ya ce ka biya kuɗi a auna maka serotonin don ciwon kahon zuci, kuɗinka kawai za ka zubar.

To wane magani ne bincike ya nuna yana aiki?

Babban gwajin da aka fi dogara da shi shi ne wanda Farfesa Nicholas Talley ya jagoranta a cibiyoyi 8 na Amurka da Kanada, aka buga a 2015. Mutum 292 aka raba gida uku: masu shan amitriptyline miligiram 50, masu shan escitalopram (wani maganin damuwa) miligiram 10, da masu shan ƙwayar wofi wadda ba magani a cikinta. Waɗanda suka ce sun sami gamsasshen sauƙi su ne kashi 53 cikin 100 a rukunin amitriptyline, 40 a rukunin ƙwayar wofi, 38 a rukunin escitalopram. Da aka ware masu zafi da suka a kahon zuci, sai amfanin amitriptyline ya fito fili sosai. Waɗanda tumbinsu ke jinkirin sauke abinci kuwa ba su cika amfana ba.

A 2018 an buga gwajin imipramine, ɗan'uwan amitriptyline, daga Hong Kong: mutum 107 waɗanda maganin rage ruwan tsami da na motsa ciki suka gaza musu. Kusan kashi 64 cikin 100 sun sami sauƙi, a rukunin ƙwayar wofi kuma kusan 37. Sai dai kusan 1 cikin 5 sun ajiye maganin saboda illolinsa. Ba kowane gwaji ne ya yi nasara ba: a Tailan an gwada nortriptyline miligiram 10 bai fi ƙwayar wofi ba. Da aka tattara gwaje-gwaje 13 a 2017, lissafin ya nuna sai an ba mutum 6 irin waɗannan magunguna kafin a sami 1 da sauƙinsa daga maganin ne kai tsaye. Taimako ne na gaske, amma matsakaici, kuma ya kamata a faɗa wa majiyyaci haka tun ranar farko.

Idan serotonin ne tushen abin, me ya sa magungunan da ke ƙara shi zalla suka kasa?

Nan ne zancen “ƙarancin serotonin” ke rushewa. Escitalopram, sertraline, fluoxetine da paroxetine aikinsu ɗaya: toshe furotin mai kwashe serotonin don ya taru. Da ƙarancinsa ne ciwon, da su za su fi kowa aiki. Escitalopram bai fi ƙwayar wofi ba. Sertraline ma haka a gwajin Hong Kong na 2012 mai mutum 193. Venlafaxine, mai ƙara serotonin da wani sinadarin jijiya mai suna noradirenalin, an gwada shi a kan mutum 160 a Holan a 2008, bai yi ba, da yawa ma suka daina saboda illa. Dalili ɗaya a bayyane yake: idan serotonin ya taru a bangon hanji, yana taɓa kowane makarɓi, har da 5-HT3, sai tashin zuciya da rashin cin abinci su ƙaru a makonnin farko, wato ainihin kukan da mutum ya zo da shi.

Amitriptyline tsohon magani ne mai taɓa wurare da yawa. Yana ɗan ƙara serotonin, yana ƙara noradirenalin a laka, wanda shi ne ginshiƙin saƙon nan mai danne ciwo, yana toshe makarɓin sinadarin histamin ya kawo barci, yana toshe sinadarin asetilkolin ya rage murɗawar ciki, yana kuma lafar da ƙofofin sodiyam na jijiyoyin ciwo. A gwajin 2015 bai canza saurin sauke abinci ba, abin da ya canza shi ne yadda ake jin ciwon. A ganinmu kuskure ne a gaya wa majiyyaci cewa ana “cika masa serotonin”, domin hakan ke sa ya je kyamis ya karɓi fluoxetine yana zaton duk ɗaya ne. Magungunan serotonin zalla suna da gurbinsu idan akwai ciwon damuwa ko fargaba tare da ciwon cikin, a nan ana ba da su ne don damuwar.

Ni ba zafi ne matsalata ba, loma uku na ƙoshi, ga rama. Wanne ya dace da ni?

Mirtazapine ake fara tunani. Ba ya tara serotonin kamar su escitalopram, toshe makarɓan 5-HT2 da 5-HT3 da na histamin yake yi, sai tashin zuciya ya lafa, cin abinci ya buɗe. Rukunin Farfesa Jan Tack na Jami'ar Leuven a Beljiyam sun gwada miligiram 15 kullum na makonni 8 a kan mutum 34 masu rama, aka buga a 2016: saurin ƙoshi ya ragu, abin da suke iya ci ya ƙaru, nauyi ya dawo. Gwajin ƙarami ne, don haka hujjar ba ta kai ta amitriptyline ƙarfi ba. Yana kawo barci mai nauyi da ƙiba, mai ciwon suga sai ya ƙara lura da awonsa. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a makonnin farko suna buƙatar gwajin jini nan take, domin jefi-jefi yana rage fararen ƙwayoyin jini.

Akwai kuma buspirone, maganin fargaba mai taɓa 5-HT1A. A gwajin mutum 17 na 2012, miligiram 10 sau uku a rana kafin abinci ya sa saman tumbi ya ƙara saki, nauyin ciki ya ragu.

Me ya kamata a yi kafin a kai ga waɗannan magunguna?

Ba su ne matakin farko ba. Jagorar likitocin ciki ta Amurka da Kanada ta 2017 da ta Birtaniya ta 2022 duk sun ajiye su a mataki na biyu.

Farko a tabbatar babu alamar haɗari: aman jini, baƙin kashi mai danƙo, rama ba dalili, wahalar haɗiya, amai mai yawan dawowa, ƙarancin jini, ko ciwon da ya fara sabo bayan shekara 55 zuwa 60. Mai ɗaya daga cikin waɗannan leƙen ciki yake buƙata, kuma ana yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai.

Sai gwajin Helikobakta, ƙwayar cutar da ke zama a tumbi. A ƙasashenmu wannan ba abin tsallakewa ba ne, domin wani babban nazari na 2017 ya sa Najeriya a sahun gaba a duniya, da fiye da mutum 8 cikin 10 ɗauke da ita. Gwajin kashi ko na numfashi ake so, kuma sai an ajiye omeprazole da danginsa masu rage ruwan tsamin ciki makonni 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta makonni 4, in ba haka ba gwajin zai ce babu alhali akwai. Gwajin jini ba ya bambance cutar da ke nan da wadda ta wuce. Idan an same ta, a sha haɗin maganinta na kwana 14 cif, a sake gwaji bayan aƙalla makonni 4. Idan ciwon bai tafi ba, a sha omeprazole miligiram 20 minti 30 kafin karin kumallo, makonni 4 zuwa 8. A kuma duba abin da ake haɗiya don ciwon jiki: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, da ƙullin ƙwayoyin da ake haɗawa a leda, waɗanda su kaɗai sun isa su kawo ciwon.

Yaya ake fara amitriptyline?

Da miligiram 10 sau ɗaya da dare. Inda ƙwayar 25 kaɗai ake samu, likita kan ce a raba ta biyu. A sha awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, wato bayan Magariba ko da Isha, don nauyin barcin ya sake ka kafin Asuba. Bayan mako 1 zuwa 2, idan jiki ya karɓa, a ƙara 10, a ci gaba a hankali har 30, iyaka 50. Wanda ya sami sauƙi a 20 ya tsaya nan.

Illolin sukan zo a kwanakin farko, sauƙin kuwa sai mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6. Wannan tazara ita ke kayar da mafi yawan mutane: a kwana na huɗu baki ya bushe, jiki ya mutu, ciki bai daina ba, sai a jefar da maganin. Ba a yanke hukunci sai an yi makonni 6 zuwa 8 a kan adadin da ya dace. Ba kuma ƙwayar da ake sha sai ciwo ya taso ba ce, kullum ake sha. In an manta dare ɗaya, kada a ninka washegari.

Waɗanne illoli zan sa ran gani?

Bushewar baki, magagin barci da safe, taurin bayan gida, jiri idan an miƙe da sauri, dishi-dishin gani, da ƙarin nauyi. Yawancinsu suna raguwa cikin mako biyu. A zauna bakin gado minti ɗaya kafin a tashi. A yawaita ruwa da miyar ganye, kuka, kuɓewa da zogale. Direba, mai Keke Napep da mai aiki da inji su fara a daren da ba su da fita washegari. Maganin yana rage gumi, don haka a zafin bazara mai aikin rana ya riƙa neman inuwa da ruwa.

Waɗanda ke sa a tsaya a nemi asibiti a ranar: bugun zuciya mai sauri ko marar tsari, suma, riƙewar fitsari, jan ido mai tsananin ciwo, ruɗewa, ko tunanin halaka kai. Na ƙarshen nan an fi ganinsa a 'yan ƙasa da shekara 25 a makonnin farko, ya kamata wani a gida ya san an fara maganin. A kulle kwalin inda yara ba sa kaiwa, domin ƙwayoyi ƙalilan suna iya tsayar da zuciyar ƙaramin yaro.

Wa bai kamata ya sha ba, kuma da me ba a haɗa shi?

Wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar zuciya ba, mai matsalar tsarin bugawarta, da mai tsananin ciwon hanta ba sa sha. Mai farfaɗiya, mai hawan ruwan ido, dattijo mai wahalar fitsari, mai ciki ko shayarwa, da wanda ya taɓa yin ciwon ƙwaƙwalwa mai sa zumuɗi fiye da kima, sai da shawarar likita ta musamman. Wanda ya haura 65 ko yake da tarihin ciwon zuciya a yi masa awon bugun zuciya na takarda tukuna.

Haɗin da ya fi ba mu tsoro shi ne da tramadol. Shi ma yana tara serotonin, yana kuma sauƙaƙa farfaɗiya. Idan suka haɗu, cikin awanni mutum na iya fara karkarwa, gumi, gudawa, fizgar tsoka, zazzaɓi mai zafi da ruɗewa. Wannan gubar serotonin ce, ta asibiti ce nan take. Maganin tari mai dextromethorphan ma yana iya jawo ta. Sai maganin zazzaɓin cizon sauro: takardar haɗin artemether da lumefantrine, irin Coartem, ta yi gargaɗi a kan shan sa tare da amitriptyline ko imipramine, quinine da chloroquine su ma suna taɓa bugun zuciya. Kada a ƙi maganin zazzaɓi, a faɗa wa mai rubutawa abin da ake sha ya zaɓi hanya. Cimetidine, wanda masu “olsa” ke saye da kansu, yana hana hanta sarrafa amitriptyline har ya taru a jini, fluoxetine da paroxetine ma haka. Maganin kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin da maganin motsa ciki domperidone suna ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya. Mai shan escitalopram ko sertraline kuma ya san cewa haɗa su da diclofenac ko aspirin yana ƙara yiwuwar zubar jini a ciki.

Zan iya azumi ina sha?

Akasari e, tunda sau ɗaya ne da dare. A sha bayan buɗa-baki, ba da sahur ba, don kada barci da bushewar baki su cinye yinin. Ba mu son a fara shi ko a ƙara adadi a cikin Ramadan, gara a daidaita tun wata ɗaya kafin. A buɗe baki da abu marar maiƙo, a raba abincin kashi biyu ko uku, domin cika tumbi lokaci guda da soye-soye shi ne babban mai tayar da nauyin ciki.

Ba zai zame mini jaraba ba? Yaushe zan daina?

Ba ya sa maye ko ƙishirwar ƙari irin ta tramadol da kodin. Amma jiki yana sabawa da shi, idan aka yanke rana ɗaya sai a ji tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci da munanan mafarkai, mutum ya zaci ciwonsa ne ya dawo. Idan ya yi aiki, a ci gaba watanni 6 zuwa 12, sannan a riƙa rage miligiram 10 duk bayan mako 2 zuwa 4. Idan ciwon ya dawo a hanya, a koma adadin ƙarshe da ya riƙe shi.

Na yi wata biyu a kan cikakken adadi, ba sauƙi. Sai me?

A janye shi a hankali, babu amfanin hawa sama da 50. Likita ya sake duba ko sunan ciwon daidai ne: tsakuwar matsarmama, tasowar ruwan tsami zuwa maƙoshi, jinkirin tumbi na ciwon suga, tsutsar ciki, ko Helikobakta da ba ta mutu ba. Idan illa ce ta hana kaiwa adadin, nortriptyline ya fi sauƙin barci da bushewar baki. Idan saurin ƙoshi ne ya rage, a koma mirtazapine ko maganin motsa ciki na ɗan lokaci. Zama da masanin halayyar ɗan'adam yana taimaka wa wanda tsoron abinci ya sa ya taƙaita cimarsa zuwa kunu da shayi. Kuma duk wanda sabuwar alama ta ɓullo masa, rama ko amai ko baƙin kashi, a sake leƙa cikinsa ko da na baya ya fito lafiya.